Amsoshin Tambayoyinku: Na Samu Sauƙi, Gwaje-gwajen Na Mene Ne?

Tambaya: Ina fama da ciwon kumburin hanji mai suna Crohn, an ɗora ni a kan maganin infliximab da ake ɗaura mini ta jijiya duk bayan mako takwas. Alhamdu lillahi gudawa ta tsaya, murɗar ciki ta lafa. Amma likita ya hana ni sakat: yau gwajin jini, gobe na bahaya, yanzu kuma wai sai an sake leƙa hanjin da na'ura. Tunda na samu sauƙi, wannan kashe kuɗin na mene ne? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malama, Allah ya ƙara afuwa. Likitanki na kan hanya, domin wannan ciwo kamar wutar ƙaiƙayi yake, sama toka, ƙasa tana ci. Mutum na iya jin garau alhali gyambo na nan a bangon hanjinsa, a hankali ya tsuke hanjin ko ya huda shi, har ta kai ga tiyata. Shi ya sa likitoci suka daina tsayawa a kan "ya jiki?" kaɗai. Wani bincike mai suna CALM da aka buga a 2017 ya nuna hanji ya fi warkewa idan ana daidaita magani bisa sakamakon gwaji, ba bisa koken majinyaci kawai ba.

Gwajin bahaya yana auna calprotectin, wani sinadari da fararen ƙwayoyin jini ke zubarwa a hanjin da ya kumbura. Ana so ya sauka ƙasa da maikirogiram 250 a kowane giram, in ya kai ƙasa da 100 ma ya fi. Sai dai atuni da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac su ma suna ɗaga shi, don haka ki faɗa wa likita duk abin da kika sha, har wanda kika saya a kemis. Na jini kuwa, wato CRP, ɗan rakiya ne: akwai waɗanda nasu ba ya tashi ko da ciwon ya motsa. Leƙa hanji shi ne alƙali, galibi bayan wata shida zuwa tara da fara magani.

Akwai kuma jinin da ake ɗiba dab da sabon ɗauri, don a ga nawa ya rage na maganin a jiki. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ba da shawara a 2017 cewa infliximab kada ya gaza maikirogiram 5 a kowace mililita. Amfaninsa ya fi fitowa ranar da ciwo ya dawo. Idan maganin ya yi kaɗan, sai a ƙara yawansa ko a matso da lokacin ɗauri. Idan garkuwar jiki ce ta ɗauke shi baƙo tana yaƙarsa, akan koma wa ɗan'uwansa adalimumab, wani lokaci a haɗa da azathioprine. In kuwa maganin ya wadatu amma kumburi na nan, to ciwon ya bi wata hanya, sai a nemi wani dangin kamar vedolizumab ko ustekinumab. Ba tare da wannan awo ba, sai a yar da magani mai tsada da bai gama aikinsa ba, ga shi magungunan ba yawa gare su ba.

Maganar kuɗi gaskiya ce. Ki zauna da likita ku tsara wanda ya zama dole da wanda zai iya jira; gwajin bahaya ya fi leƙa hanji araha nesa ba kusa ba. Ɗauri dai kada ki tsallake don kin ji daɗin jiki, domin yi-a-bari na cikin abubuwan da ke sa jiki ya juya wa maganin baya.

Ki kuma sani infliximab na iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, ga shi cutar ta yi yawa a ƙasarmu. Da kin ga tari ya ƙi ƙarewa, ko zufar dare, zazzaɓi ko rama, ki je asibiti nan take, kada ki jira ranar ɗauri.