Darasi Na Bakwai: Yadda Saƙon Jijiya Ke Ɗinka Mata Riga

Gabatarwa

Duk malamin da ya koyar da 'yan aji ɗaya, a Kahu ko a wani ƙauye na Kibiya da Rano, ya san yadda hannun yaro ke rawa ranar da ya fara riƙe fensir. Bayan 'yan watanni sai rubutun ya daidaita. Wani ɓangare na sirrin wannan sauyi yana cikin jijiyoyin yaron.

Ma'anar Mayalin

Galibi ƙwayar jijiya tana da dogon zare wanda saƙo ke bi ta cikinsa. Mayalin wata riga ce ta kitse da ke naɗe wannan zare, kamar yadda roba ke rufe wayar lantarki. Bajamushe Rudolf Virchow ne ya raɗa mata suna a 1854. Zaren da ba shi da riga, saƙonsa ba ya wuce mita 2 a daƙiƙa, amma mai kakkaurar riga yakan kai mita 120.

Wa Ke Ba Da Umarni?

Wasu ƙwayoyi na daban ne ke ɗinka rigar, sai dai jijiyar ce ke ba su umarni, ta hanyoyi biyu:

1. Ta sinadari. A 2004 masana a Jamus sun nuna cewa, a jijiyoyin gaɓɓai, yawan sinadarin niyuregulin da ke jikin zaren shi ne ma'aunin kaurin rigar.

2. Ta aiki. A 1996 masana a Faransa sun toshe saƙon jijiyar idon ɓeraye, sai ɗinkin ya ragu. A 2014 kuma, a Landan, ɓerayen da aka hana wa samar da sababbin ƙwayoyin ɗinki sun kasa ƙwarewa a gudu kan wani gargare mai wuyar takawa.

Kammalawa

Ashe ke nan jijiyar da ake aiki da ita ce ke kiran maɗinkanta. Wannan gini yana ci gaba har bayan shekara 20 da haihuwa. Don haka kada malami ya yi gaggawar kiran yaro daƙiƙi. Ya yawaita masa bita da waƙa da wasan hannu, domin da yau da gobe jijiya ke samun rigarta.

Jinga

1. Bayyana ma'anar mayalin da kalmominka.
2. Kawo ayyukan aji uku da za su ƙarfafa hannun mai koyon rubutu.