Kafin Ka Tallata Abin Da Ka Naɗa

Masu fasahar naɗa takarda ta Japan, wato origami, ba sa ƙin ciniki. Wanda ke gundurar su shi ne mutumin da bai taɓa koya wa kowa ko lanƙwasa ɗaya ba, kullum sai "ga kaya, ga farashi". In kana cikin ƙungiyarsu, tambayi shugabanni ko an ware wa talla rana, ka faɗa sau ɗaya, ka ƙyale.

Babbar tambayar ita ce: ƙirar wa ka naɗa? Tsuntsun tsuru, ɗan'uwan gauraka, na gargajiya ne, sayar da shi ba laifi. Amma dodon Ryujin na Satoshi Kamiya, wanda ake fitar da kowane ɓawon jikinsa daga takarda guda ba tare da almakashi ba, yana da mai shi. Nemi izininsa tukuna, ka kuma ambaci sunansa. A 2011 Robert Lang da wasu abokan sana'arsa sun maka mai zane Sarah Morris a kotun Amurka kan amfani da taswirar lanƙwasarsu, sai 2013 aka sasanta.

Shafukan littafin wani kuwa, kada ka ɗauki hotonsu ka sayar, ko ka raba kyauta.