DARASI: Yadda ake ɗora kariya a saman motar gona, da irin kayan da ya kamata su hau ta



Darasinmu na yau a kan mota yake. Da yawa daga cikinmu gonakinmu suna bayan gari, inda kwalta ta ƙare burji ya fara. Da zarar mutum ya samu ya sayi 'yar tsohuwar jif, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya sa mata kariya, wato ƙarfen nan da ake kafawa a saman mota a ɗaure kaya a kansa. Ni ma haka na yi. Sau biyu na sa. Ta farko ta jawo mini asara, ta biyun kuwa ita nake amfani da ita har yau.

ABIN DA YA FARU DA NI

Motata tsohuwar Pajero ce, ta shekarun 1990. Na kai ta wurin wani mai walda na ce ya yi mini kariya mai ƙarfi, wadda ko sa aka ɗora za ta ɗauka. Shi kuma ya yi abin da na ce. Ya samo ƙarfe mai kauri ya haɗa, aka ɗora ta da ƙafa huɗu, na biya na tafi ina murna.

Ran nan da damina na sayo abincin kaji buhu takwas. Cikin motar akwai jarkoki da yara biyu masu taya ni aiki, sai na ce a jera buhunan a sama. A kan kwalta ban ji komai ba, sai dai motar tana ɗan rangaji. Da muka sauka burji, a wata kwana da ruwa ya zaizaye gefenta, motar ta karkata har na ji kamar tayoyin ɓangare ɗaya sun bar ƙasa. Yaran nan sai salati. Allah ya tsare ba mu kife ba, amma buhu biyu sun zame, ɗaya ya fashe a cikin taɓo. Ƙafa ɗaya ta kariyar ta lanƙwasa bakin rufin, daga ranar duk ruwan da aka yi sai ya zubo ta saman ƙofa. Abin da na ba mai gyaran jikin mota ya fi kuɗin kariyar kanta. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Laifin nawa ne. Na tambayi ƙarfin kariya, ban tambayi ƙarfin rufin da za ta zauna a kansa ba.

1. FARA DA LISSAFI

Kowace mota tana da iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka tana tafiya, kuma a rubuce yake a littafin da ke zuwa da ita. Yawancin jif-jif tsakanin kilo 75 ne zuwa 100. In littafin ya ɓata, kamar yadda ya saba a motocin da muke saye na hannu, sa sunan motar da shekararta a intanet ka nemo shi.

Abu uku za ka riƙe:

Na ɗaya, nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin. In rufi na ɗaukar kilo 100, kariya kuma kilo 45 ce, saura kilo 55 na kaya.

Na biyu, wannan adadin na hanya mai kyau ne. A gargada, duk ramin da ka faɗa kayan sukan ɗaga su dawo su doki rufin da ƙarfin da ya wuce nauyinsu. Shi ya sa wasu kamfanonin da ke ƙera kariya suke cewa in za ka bar kwalta, ka raba adadin da 1.5, wato ka rage kashi ɗaya cikin uku. Kilo 100 ya koma wajen 66 ke nan.

Na uku, in kariyar da ka saya an rubuta tana ɗaukar kilo 150 amma rufinka 100 ne, ƙaramin adadin za ka bi.

To bari mu yi lissafin ranar da na kusa kifewa. Daga baya na sa kariyar farko a sikeli, kilo 45 ta yi. Cire 45 daga 66, saura 21. Buhun abincin kaji ɗaya kilo 25 ne. Ka ga ko buhu ɗaya bai kamata ya hau ba a wannan hanyar, ni kuwa na jibga takwas, kilo 200. Da kariyar, kilo 245 a saman mota mai tsayi.

Kariyata ta yanzu kilo 24 ce. A kwalta ina da sararin kilo 76, a burji kilo 42. Na rubuta lambobin nan biyu a takarda na liƙa kusa da sitiyari, don ko ba ni ke tuƙi ba direba ya gani.

2. DUBA IRIN RUFIN MOTARKA

Kafin ka sayi komai, hau kan benci ka leƙa saman motar. Ɗaya daga cikin huɗun nan za ka tarar:

• Mai kwatar ruwa a gefe: wani ɗan leɓen ƙarfe da ya bi tsawon rufin a saman ƙofofi. Tsofaffin Pajero, Land Cruiser 80 da tsofaffin Hiace suna da shi. Ƙafar kariya tana zama a ciki a matse ta da maƙali, babu huji.

• Mai sanduna biyu da suka zo da motar, daga gaba zuwa baya. A kansu ake maƙala ƙarafan da ke gittawa.

• Mai ramukan noti da kamfani ya tanada, a ɓoye ƙarƙashin baƙar roba ko 'yan murafu. In ka ɗaga robar za ka gan su.

• Rufi sumul, babu ko ɗaya. Wannan sai dai kariya mai kama bakin ƙofa, ko kuma a huda rufin.

Shawarata, in da hali kada ka huda. A ƙarƙashin rufi akwai wayoyin lantarki, a motocin zamani ma akwai jakar iska ta gefe. Kuma duk hujin da ba a toshe da kyau ba ƙofar tsatsa ce. In ya zama dole, a sauke silin ɗin ciki tukuna a ga abin da ke wurin, a shafa fenti a bakin hujin, a sa silikon.

Abu ɗaya da ba na yarda da shi ko kaɗan: a yi wa kariya walda a jikin mota. Ƙarfen rufi siriri ne, wuta tana ƙone fenti ciki da waje, kuma ranar da kake son cire ta sai an yanka.

3. SAYE KO BAYAR DA AIKI

Ta kanti, musamman ta alminiyam, ta fi rashin nauyi kuma tana zuwa da takardar da ta faɗi abin da take ɗauka, sai dai tsada. In mai walda zai yi maka, ba laifi, amma kai za ka faɗa masa abin da kake so:

• Ya yi amfani da fayif mai rami a ciki. Rodi da ƙarfe mai kauri nauyi kawai suke ƙarawa.
• In doguwar kariya ce, ƙafa shida, uku a kowane gefe, don nauyin ya rarrabu.
• Kowace ƙafa ta zama mai faɗi, da roba a ƙarƙashinta. Tsohon tif na taya ma yana yi.
• Ya bar wuraren saƙala igiya a gefe.
• A fara shafa jan fentin hana tsatsa kafin fentin sama.
• A auna ta a sikeli kafin ta hau mota. In ta haura kilo 30, ka san ta cinye kusan rabin abin da za ka ɗauka a burji.

4. RANAR ƊORAWA

Abin da za ka tanada: sifanu, tef ɗin awo, tsohon bargo, bokitin ruwa, da mutum uku ko huɗu. Kada ka ce kai da yaro ɗaya za ku iya, nan ne ake fasa gilashi.

Ka tsayar da motar a wuri mai daidai. Wanke inda ƙafafun za su zauna, don yashin da ya maƙale ƙarƙashin roba shi ke cin fenti. In ka ga tsatsa a kwatar, a gyara ta tukuna, ruɓaɓɓen ƙarfe ba ya riƙe kaya.

Haɗa kariyar a ƙasa, amma ka bar notuna sako-sako. Shimfiɗa bargo a rufin, ku ɗaga ta ku sauke a hankali, sannan a zare bargon.

Yanzu sai awo. Auna daga gaban rufin zuwa ƙafar farko ta dama, ka auna ta hagu, su zo daidai. Haka gefe da gefe. Ido yana ruɗi, tef ba ya yi. Sa hannu ƙarƙashin kariyar ta tsakiya, domin rufin mota a tsakiya ya fi tudu. In yatsu biyu ba sa shiga, ranar da ka yi lodi ƙarfen zai taɓa rufin. Buɗe duk ƙofofi ka rufe. In ƙofar bayanka sama take ɗagawa, tabbatar ba ta dukan kariyar. Duba eriya ma.

Wajen ɗaure notuna, kada ka gama da ɗaya sannan ka koma wani. Ɗan ja na gaba dama, ka koma na baya hagu, haka dai kana zagayawa har su kama tare, kamar yadda ake ɗaure taya. In kariyar ta zo da takarda, bi ƙarfin ɗaurin da aka rubuta. Ɗauri fiye da kima yana lanƙwasa kwata ko ya cinye zaren noti. Sa wasa a kowane noti, in ka samu noti mai roba a ciki ya fi, don girgiza ba ta saurin kwance shi.

Da ka gama, kama kariyar da hannu biyu ka jijjiga da ƙarfi. Motar ce gaba ɗaya ya kamata ta motsa. In kariyar ce ke wasa ita kaɗai, da saura. Wanda notunansa suka shiga cikin rufi, ya kwara ruwa a wurin, wani ya zauna a ciki ya duba ko yana ɗiga.

Na ƙarshe, auna sabon tsayin motar. Na san wanda ya manta, ya shiga rumfar gonarsa ya ɗebo kwano biyu.

Bayan tafiyar farko a burji, sake bin notunan nan duka da sifana, za ka tarar wasu sun saki. Ni duk ranar da zan ɗauko kaya sai na taɓa su kafin na tashi.

5. ME ZAI HAU, ME BA ZAI HAU BA

Ƙa'idar gajeriya ce: mai nauyi ƙasa, mai cin wuri sama.

Abin da nake ɗorawa: mazuban abinci da na ruwa, tamfol ɗin kifi a naɗe, bututun roba, raga, kejin ɗaukar kaji in babu kaji a ciki, kiret ɗin ƙwai wanda babu ƙwai, da buhunan dusar katako. Ita dusar katako a rufe ta da leda, don in ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa yake sosai.

Abin da ba ya hawa:

• Jarkar 'ya'yan kifi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 guda biyu sun riga sun wuce iyakata ta burji. Ga shi ruwa yana tambal-tambal, yana jan mota gefe a kwana. Sannan rana tana ɗumama shi, ruwa mai ɗumi kuwa iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa a cikinsa. Tarwada tana da juriya, amma ƙananan ba su kai nan ba. A ƙasan mota ake sa su, a yi tafiyar da sassafe.

• Kwalin 'yan tsaki. Iskar gudu da zafin rana za su gama da su kafin ka isa. Cikin mota, inda iska ke shiga a hankali, kuma kada a toshe ramukan kwalin.

• Ƙwai. Sama ta fi ko'ina girgiza.

• Allurar rigakafi. Wannan a cikin kula da ƙanƙara take tafiya, kusa da kai.

• Janareto, tukunyar gas da buhunan abinci masu yawa. Abinci in ya jiƙe yana yin fumfuna, fumfunar nan kuwa tana iya zama guba ga kaji da kifi. In dole ne, buhu ɗaya a burji, uku a kwalta a irin lissafina, a lulluɓe da tamfol.

Wajen lodi, mafi nauyi ya zauna a tsakiya, tsakanin ƙafafun kariyar, kuma dama da hagu su yi daidai. Ɗaure da bel mai maƙali ko igiya mai kyau. Robar tif kaɗai ba ta isa ba, tana miƙewa kaya su yi tsalle. Bututu mai tsawo a ɗaure shi gaba da baya, a rataya jan ƙyalle a ƙarshensa. In ka yi 'yar tafiya, tsaya ka sake jan igiyoyin.

Tuƙi ma sai ya canja. Da kaya a sama birki ba ya kamawa da wuri kamar da, kwana kuma sai a hankali. Inda hanya ta karkace gefe ɗaya, nan ne haɗarin ya fi, rage gudu tun kafin ka isa. Ka kuma sani cewa lodi fiye da kima laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra ke kamawa. Mai kuma zai ɗan ƙara sha ko babu kaya, saboda iska da kariyar ke tarewa, don haka in za ka daɗe ba ka buƙace ta ba, sauke ta ka ajiye.

Wani zai ce, to in buhu ɗaya ko uku kawai za ta ɗauka, mene ne amfaninta? Amfaninta shi ne ta kwashe tarkacen da ke cika cikin mota, sai buhuna da jarkoki su samu wuri a ƙasa inda ya dace da su. Ranar da abincin ya yi yawa kuwa, sawu biyu nake yi ko na ɗauki hayar a-kori-kura. Na lissafa, ya fi mini araha a kan buhun da ya fashe a taɓo da kuɗin gyaran rufi.

Wanda yake da kariya a motarsa yanzu, aikin gida: nemo adadin rufinka, auna kariyar, ka yi lissafin nan. Mai tambaya ya faɗi irin motarsa da irin rufinta, za mu duba tare.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kiwonmu.