Daga Ina Girgizar Sama Take Zuwa?

Da asuba a unguwar Nima ko Maamobi a Ghana, ladanai da yawa sukan kira salla kusan lokaci guda. Duk da haka mutum yana gane wanne ne daga gabas, wanne daga yamma, domin sauti yakan riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan. Da irin wannan dabara masana suke gano inda girgizar sararin samaniya take fitowa.

Mece ce wannan girgiza? A can nesa akwai manyan taurari da suka mutu suka dunƙule, suka yi nauyin da ko haske ba ya iya kuɓuce musu. Ana kiran irinsu baƙin rami. Idan biyu suka yi ta zagaya juna har suka haɗe, sai sarari kansa ya girgiza, girgizar ta bazu ko'ina da saurin haske. Albert Einstein ya yi hasashen irin wannan girgiza tun 1916, amma sai ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO guda biyu a Amurka suka fara kama ta. Ta shafe kimanin shekara biliyan 1.3 a hanya kafin ta iso.

Na'ura biyu ba su isa su nuna wuri daidai ba. Yanki mai faɗi kawai suka nuna a kudancin sama. Da aka samu ta uku, wato Virgo a ƙasar Italiya, sai aiki ya yi kyau. Ranar 17 ga Agusta 2017 aka kama wata girgiza daga karon wasu matattun taurari biyu da ba baƙin rami ba ne, masu madubin hangen nesa suka duba inda aka nuna musu, suka ga hasken karon a wani garken taurari mai suna NGC 4993.

Zuwa 2020 an kama irin wannan girgiza kusan 90. Da aka jera su a taswirar sama, ba su taru a gefe guda ba. Ta kowace fuska suke zuwa. Wannan babbar shaida ce. Da a ce daga garken taurarin da ranarmu take ciki suke fitowa, da sun bi layin nan mai fari-fari da ake gani a sama a daren da babu wata (a Nima dai hasken lantarki ya ɓoye shi). Ashe daga garkuna masu nisa suke. Su kuwa garkunan nan a jere suke kamar zare, da filaye wayam a tsakaninsu. Masana suna tara ƙarin girgiza don su auna yadda take bin wannan jeri.

Ghana ma tana cikin masu nazarin sama. A Kuntunse, kan hanyar Nsawam, akwai faranti mai faɗin mita 32 da aka buɗe a Agustan 2017. Shi ba ya jin wannan girgiza. Saƙon rediyo daga taurari yake kamawa.