Ruwa a Cikin Tabarau

Auta yaro ne ɗan unguwar Gardole, a birnin Njamena. Yana aji biyar. Gardole tana cikin tsofaffin unguwannin birnin, kuma ba ta da nisa da kogin Shari. A Njamena ne kogin Logon yake haɗuwa da Shari, su tafi tare su zuba a tafkin Cadi. Auta yana son tsayawa a bakin kogi yana kallon masunta.

Wata rana Kawu ya dawo daga Duwala, ta ƙasar Kamaru. Ya yi shekaru a can yana aikin nutso a tashar jiragen ruwa. Yakan shiga ƙarƙashin manyan jirage ya duba ko akwai inda ya lalace. Da ya buɗe akwatinsa, sai Auta ya ga wani abu mai gilashi da roba. Ya ce:

— Kawu, mene ne wannan?

— Tabarau ne na masu nutso. Idon mutum ba ya gani sosai cikin ruwa, sai dishi-dishi. Amma in akwai iska tsakanin ido da ruwa, sai ka ga kome garau.

Auta ya sa tabarau. Ya rufe masa ido da hanci.

— To, Kawu, ta ina zan yi numfashi?

— Ta baki, ɗana. Mai nutso yana goya tukunyar iska a bayansa. Tiyo yana kawo masa iskar har baki. A shekarar 1943 ne wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mai nutso iska duk lokacin da ya ja numfashi.

— Kawu, ara mini in je Shari gobe in ga kifi!

— A'a. Zauna tukuna ka ji abin da ya same ni.

Labarin Kawu

Kawu ya ce:

— Ba a kogi na fara koyo ba, ba a teku ba. An kai mu wurin iyo na siminti, inda ruwa bai wuce ƙirjina ba. Malaminmu ya ce mu durƙusa a ƙasan ruwa. Na durƙusa, ina numfashi ta baki lafiya lau. Can sai na ji sanyi a kumatuna. Ashe gashin bakina ya hana robar mannewa, ruwa yana shiga. Ya taɓa hancina, ya kai idona. Gabana ya faɗi. Na zabura na miƙe, ina tari.

Auta ya yi dariya. Kawu ya ce:

— Ni ma na yi dariya a ranar. Amma malaminmu bai yi ba. Ya ce mini: yau ka miƙe don ruwan ba zurfi, ran da kake can ƙasa fa, ina za ka miƙe? Ya ce in tuna, ko tabarau ya cika fal, iskata tana nan a bakina. Ruwan bai ɗauke mini kome ba sai gani. Kuma akwai hanyar korarsa ba sai na fito ba.

— Wace hanya, Kawu? Ruwa ne fa ko'ina. Ina za a zubar da shi?

— Je ka ce wa innarka ta ara mana daro da kofin gilashi.

Gwaji biyu

Auta ya kawo daro cike da ruwa. Kawu ya dunƙule takarda, ya cusa ta can gindin kofi. Ya kife kofin, ya danna shi cikin ruwa a miƙe. Da ya fito da shi, takarda ko jiƙewa ba ta yi ba.

— Ka gani? Kofin nan ba wofi yake ba. Iska ce a ciki. Inda iska ta zauna, ruwa ba ya samun wuri.

Sai Kawu ya cire takardar. Ya cika kofin da ruwa a cikin daro, ya kife shi. Ya zura siririn tiyo ta ƙarƙashinsa, ya ce wa Auta ya hura. Auta ya hura. Iska ta hau ta taru a sama. Ruwa ya riƙa sauka yana fita ta ƙasa, har kofi ya cika da iska.

— Iska ba ta kai ruwa nauyi ba, shi ya sa take hawa sama. In ta rasa hanyar fita ta sama, sai ta tura ruwa ya fita ta ƙasa. Tabarau kamar kofin nan yake, hancinka kuma shi ne tiyo.

Yadda ake korar ruwan

Ga abin da aka koya wa Kawu:

1. Ka tsaya, ka natsu, ka ja numfashi ta baki.
2. Ka sa yatsu ka danne saman tabarau a goshinka, don kada iska ta gudu ta sama.
3. Ka fara hura iska ta hanci a hankali.
4. Kana hurawa, ka ɗaga kai kaɗan, kamar mai duban sama. Ruwa zai fita ta ƙasa.
5. In da saura, ka sake jan numfashi ta baki, ka maimaita.

Kawu ya ce sai da ya yi ta maimaitawa kafin ya iya. Da farko da ruwa kaɗan, sannan rabi, sannan tabarau cike. A ƙarshe aka ce ya cire shi gaba ɗaya a ƙasan ruwa, ya mayar, ya kori ruwan. Ya yi, ko gezau.

Me ya sa ba a gudu sama?

Ruwa yana da nauyi, yana matsa duk abin da ke cikinsa. A zurfin mita 10, matsin ya ninka na bakin ruwa sau biyu. In aka hura balan-balan a wannan zurfi aka sake shi, kafin ya kai sama girmansa ya ninka biyu. Yana iya fashewa. Haka huhun mutum yake. Wanda ya shaƙi iskar tukunya a ƙasa, ya riƙe numfashi, ya gudo sama a firgice, huhunsa na iya yagewa. Shi ya sa ake cewa mai nutso da tukunya kada ya taɓa riƙe numfashi, kuma ya hau a hankali. Ba ruwan cikin tabarau ne abin tsoro ba. Firgita ce abin tsoro.

Auta ya yi shiru. Can ya ce:

— Ke nan ba zan je Shari da shi ba?

— Ba za ka je ba. Ruwan Shari yana da gudu, ga laka, musamman da damina. Ko da tabarau ba abin da za ka gani. Akwai dorina, kuma ana ɗaukar cutar tsargiya a ruwan kogi. A shekarar 2022 Shari da Logon sun yi ambaliya, sun ci gidaje masu yawa a garin nan. Irin wannan kogi ba wurin wasan yara ba ne. In ka girma kana so, ka nemi malami ka koya inda ba zurfi. Hausawa sun ce, iya ruwa fidda kai.

Auta ya goge tabarau, ya mayar cikin akwati. Washegari ya tafi makaranta da kofi da tiyo, ya nuna wa ƴan ajinsu yadda iska ke korar ruwa.

Sababbin kalmomi

nutso : la plongée
mai nutso : le plongeur
tabarau na nutso : le masque de plongée
tukunyar iska : la bouteille d'air
huhu : le poumon

Tambayoyi

1. Waɗanne koguna biyu ne suke haɗuwa a Njamena?
2. Me ya sa ruwa ya shiga tabaran Kawu?
3. Me ya hana takardar cikin kofi jiƙewa?
4. Don me ake danne saman tabarau, ba ƙasansa ba?
5. Me zai iya samun mai nutso in ya riƙe numfashi ya gudo sama?
6. Mene ne ma'anar "iya ruwa fidda kai"?

Aiki

Ku yi gwaje-gwajen nan biyu a aji tare da malam. Ku zana abin da kuka gani. Kada kowa ya je kogi ba tare da babba ba.