Darasi na 12: Tashe, Gadon da Ke Hannun Yara

Ɗalibi, ko ka taɓa ganin yara a unguwarku a Abuja cikin daren watan azumi, sun yi gemun auduga, suna kaɗa gwangwani suna bi gida-gida? Wannan shi ne tashe, ɗaya daga cikin wasannin kwaikwayon gargajiya na Hausawa.

Ana fara tashe idan azumi ya kwana 10, kuma bayan an sha ruwa ake fita. Sunan ya fito daga kalmar "tashi", domin akan zagaya gari ana tashin mutane su yi sahur. Yara maza sukan kwaikwayi tsoho ko malami ko mai magani, 'yan mata kuwa su kwaikwayi zaman aure. Masu gida su yi dariya, su ba su hatsi ko kuɗi. A Kano, Nalako, sarkin gwagware, yakan zagaya yana tsokanar mazan da ba su da aure. Ka ga ke nan, cikin raha ake yi wa jama'a gargaɗi.

Wasu al'ummu da 'yar tsana suke nasu wasan. Mutanen Tamil na kudancin Indiya sukan yanka surar mutane a jikin fatar akuya, su rina ta, su riƙe ta tsakanin fitila da farin ƙyalle. 'Yan kallo inuwar suke gani tana motsi, ana ba su labarin Ramayana. A nan Nijeriya, Tibi na Jihar Binuwai suna da Kwagh-hir, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2019.

Duk waɗannan wasanni suna fuskantar barazana. Talabijin da waya sun ɗauke hankalin 'yan kallo. A Kano ma an sha dakatar da tashe saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi. Takobi ko tukunya ana iya ajiye su a gidan tarihi, amma wasa yana jikin masu yin sa ne. Ranar da yara suka daina fita, ranar ya mutu.

Tambayoyi
1. Yaushe ake fara tashe?
2. Wane ne Nalako?
3. Yaya mutanen Tamil suke nuna wasansu?

Aiki
Ka tambayi wani dattijo wasan da suka yi suna yara, ka rubuta shi cikin jimloli 5 da Hausa.