Darasin Kimiyya: Darajar Kuɗi da Tafiyar Lokaci a Cinikin Gida

Ɗalibai, ku buɗe littattafanku. Tambayar yau: me ya sa mai gida a Gusau zai sallama wa mai kuɗi hannu a naira miliyan 9, amma ya ce "albarka" ga ma'aikacin da ya taya miliyan 10 da lamunin gwamnati?

Mu fara da lamunin. An kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi. Ana cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, shi kuma ya samu damar cin bashin da ruwansa kashi 6 ne, biya har shekara 30. (Zancen riba, wanda ke hana da yawa a Zamfara kusantarsa, na malaman fiƙihu ne.) Banki ba ya sakin ko kwabo sai ya ga takardar shaidar mallaka, an ƙiyasta gidan, an samu amincewar gwamna kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Gidaje da dama a Tsafe da Bungudu kuwa takardar hakimi ko ta mai unguwa kawai gare su.

Yanzu ga lissafin. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8. Mu ɗauka 30 ce, don sauƙi, kuma takardu sun ci wata shida. Rabin shekara, kashi 15 ke nan. Ku raba 10,000,000 da 1.15, za ku samu kusan 8,700,000. Wato miliyan 10 ɗin da za ta zo bayan wata shida, simintin da rodin da za ta saya na miliyan 8.7 ne a yau. Mai gida bai yi wauta ba, ko da bai taɓa riƙe alli ba. Ya ma fi mai tayin iya lissafi.

Saboda haka, abin da ma'aikaci zai yi ciniki a kai shi ne lokaci. Ya kammala takardunsa kafin ya aika dillali, ya ba da kafin alƙalami mai kauri, a rubuta ranar biya gaban shaidu, in ya so ya ɗan ƙara wani abu ladan jira.

Aikin gida: an sa wa gida miliyan 6 a Bungudu, biya bayan wata huɗu, hauhawa kashi 30 a shekara. Nawa ne daidai da shi lakadan a yau? Ku nuna yadda kuka yi.